Yadda ake shaƙar inhela maganin ya kai huhu

Jama'a yawancin masu cewa inhela ba ta yi musu aiki, ba maganin ne ba shi da kyau ba, shaƙar ce ba a iya ba. Za ka ga dattijo ya cire murfi ya danna fus fus sau biyu a jere, feshin na fita ta gefen baki, sauran ya manne a harshe da ganda ya haɗiye da yawu, huhun da ake so a buɗe ɗan kaɗan kawai ya samu, daga nan sai ka ji ya ce ai gara a ba shi ƙwaya ko a yi masa allura a kemis. Toh wannan bayanin na masu ciwon huhun nan ne mai daɗewa da likitoci ke kira COPD da masu jinyarsu, amma mai asma ma zai ƙaru don riƙon abin ɗaya ne.

Shi wannan ciwon hanyoyin iska ne a cikin huhu suke ƙuntacewa su lalace a hankali, mutum ya dinga haki da tari da kaki, ɗan zuwa masallaci ma sai ya tsaya a hanya ya huta. Sigari ce kan gaba wajen jawo shi, amma a wajenmu akwai hayaƙin itace da kara da gawayi, shi ya sa za ka samu tsohuwa ba ta taɓa riƙe karan taba ba amma shekara da shekaru tana girki a madafi marar taga ko tana tuyar ƙosai, ga ta da shi. Wanda ya taɓa yin tarin tibi ma yana iya barin masa tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ya kashe mutum sama da miliyan 3. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma maganin buɗe hanyar iska yana sa mutum ya yi harkokinsa da sauƙi sosai.

Abu na farko ka san wace iri ce a hannunka. Akwai ta gaggawa, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin mai launin shuɗi, tana fara aiki cikin mintuna kaɗan ta kai kamar awa 4 zuwa 6, ita ake ɗauka idan numfashi ya sarƙe ko za a yi wani aiki da aka san yana kawo haki. Akwai kuma na kullum masu dogon aiki irin tiotropium da ake sayarwa da sunan Spiriva, sau ɗaya a rana, da irin su Seretide da Symbicort da aka haɗa mai buɗe hanya da mai rage kumburi. Waɗannan na kullum ko kana jin garau za ka sha, kuma Spiriva ko Seretide ba za su cece ka ba lokacin da ƙirji ya riƙe, shuɗiyar ce ta wannan lokacin, don haka kar ta bar aljihunka.

Yanzu ga yadda ake shaƙar ta feshi. Ka miƙe tsaye ko ka zauna ƙirji a miƙe, ba a kishingiɗe ba. Cire murfin ka leƙa ciki, wallahi ana samun ƙasa, ɓawon gyaɗa, har ɗan kwabo a inhelar da ke yawo a aljihu ko jaka babu murfi. Ka girgiza ta sosai, gwangwanin a sama bakin a ƙasa. In sabuwa ce ko ta kwana biyu ba a taɓa ta ba ka fara fesawa a iska tukunna, takardar da ke cikin kwalin za ta faɗa maka sau nawa. Sai ka juya kai gefe ka fitar da numfashi a hankali iya yadda za ka iya, ka ɗan ɗaga haɓa, ka sa bakin inhelar tsakanin haƙora ba tare da cizo ba, leɓe ya rufe ta ruf, harshe ya kwanta ƙasa kar ya tare hanya.

Nan ne wurin da kowa ke faɗuwa. Za ka fara jan numfashi ta baki a hankali, kana farawa sai ka danna sau ɗaya, kuma ka ci gaba da ja kar ka tsaya don ka ji sanyin feshin ya daki maƙogwaro, ja a hankali mai tsawo kamar mai kurɓar shayi mai zafi, daƙiƙa huɗu ko biyar har ƙirji ya cika. Cire ta daga baki, rufe baki, riƙe numfashi ka ƙirga zuwa goma, in ba za ka kai goma ba iya inda ka kai ya yi, sannan ka saki a hankali. Idan likita ya ce fesa biyu, ba biyu a tare yake nufi ba, ka jira rabin minti zuwa minti ɗaya ka sake girgizawa ka maimaita komai daga farko. Ka gwada gaban madubi, in ka ga farin feshi na fita daga baki ko hanci toh akwai gyara.

Gaskiya haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci ɗaya yana da wuya, balle tsoho mai rawar hannu ko wanda numfashi ya riga ya sarƙe masa, shi ya sa ni a ganina duk mai inhelar feshi ya nemi sifesa. Wata roba ce mai kama da gora, inhela ta shiga ta baya kai kuma ka kama gaba da baki, ka danna sau ɗaya maganin ya tsaya a ciki, sai ka ja a hankali ka riƙe, ko ka yi numfashi na yau da kullum sau huɗu ko biyar bakinka na kanta. Fesa ɗaya ɗaya ake yi, kar ka cika ta da fesa huɗu ka ce za ka zuƙe gaba ɗaya, mannewa zai yi a jikin robar. Idan ba a samu ta saye ba ana yin ta da gorar lemo ta roba mai rabin lita, a wanke ta ta bushe, a huda gindin daidai girman bakin inhelar yadda za ta shiga tsam babu inda iska ke fita, a shaƙa ta bakin gorar. Wannan ba dabarar kan titi ba ce, likitoci a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yara masu asma, aka buga sakamakon a 1999, kuma gorar ta yi aiki kusan daidai da ta kanti. Wankin sifesa da ruwa da ɗan sabulun wanke kwanuka kamar sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe da kanta, kar a goge cikin da tsumma don gogewar na sa maganin ya dinga kama jikinta.

Akwai kuma inhela masu garin magani maimakon feshi, su dokarsu akasin ta feshi ce, kuma nan mutane ke rikicewa in an canza musu magani. Ba a girgiza su, ba a sa musu sifesa, kuma da ƙarfi ake ja, zuƙa mai sauri mai zurfi tun daga farko, don ƙarfin numfashinka ne ke ɗauko garin. Kar ka taɓa hura numfashi a cikinsu, danshin baki na dunƙule garin. Ita Spiriva mai kafso, kafson ba na haɗiya ba ne dan Allah, ana sa shi a cikin na'urar shaƙarsa a danna maɓallin gefe ya huda shi, a zuƙa har a ji yana karkarwa a ciki, a riƙe numfashi, a sake zuƙa karo na biyu don ya ƙare, sannan a zubar da ɓawon. Kuma kar a ɓare kafso daga ledarsa sai lokacin da za a sha. Duk wadda ke da maganin kumburi a ciki irin Seretide da Symbicort, ana gamawa a kurkure baki da maƙogwaro a tofar, in ba haka ba farin abu na fitowa a harshe murya ta dishe.

Wani abin da ke yaudarar mutane shi ne inhelar da ta ƙare tana ci gaba da yin fus, ka girgiza ka ji motsi a ciki alhali maganin ya tafi. Ventolin fesa 200 ce, in kana yin 8 a rana kwana 25 ke nan, don haka in taka ba ta da lambar ƙirga ka rubuta ranar da ka buɗe ta a jikin kwalin. Jefa gwangwani a ruwa a ga ko zai nutse don a gane ko da sauran magani ba abin dogaro ba ne. Ajiya kuma kar ta wuce zafin digiri 30, wanda a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu sai an yi da gaske, kar dai a bar ta a gaban mota ko kan taga, kuma ko ta ƙare kar a jefa ta a wuta don fashewa take. Bayan da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar a 2023 zai rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya kuɗin Ventolin ya yi tashin gwauron zabi, amma salbutamol na wasu kamfanonin maganin ɗaya ne, kawai ka saya a famasi mai rajista ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Maganar da ake yi wai in ka fara inhela jikinka zai saba ba za ka iya bari ba, babu wannan, ciwon ne mai daɗewa shi ya sa maganin ke daɗewa. Ƙwayar salbutamol da ake gudu gare ta ta fi inhelar yawan magani nesa ba kusa ba, ta fi jinkirin aiki, kuma ta fi kawo rawar hannu da bugun zuciya. Inhelar ma tana ɗan kawo su amma suna wucewa. Spiriva na busar da baki, kuma dattijo mai matsalar fitsari ko mai hawan jinin ido ya gaya wa likita kafin ya fara. Batun azumi malamai sun saɓa, da yawa sun ce ta feshi ba ta karya shi, ka tambayi malaminka, na kullum ɗin dai ana iya mayar da su sahur da bayan buɗa baki in an yi shawara da likita, amma numfashi ya sarƙe da rana ba a jiran magariba.

Lokacin hunturu da hazo ya sauko ciwon ya fi tashi, a sa takunkumi, a rage turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗaki, janareta ya yi nesa da taga, mai shan sigari kuma barin ta ya fi kowace inhela tasiri wajen hana huhun ƙara lalacewa. Idan ka ga shuɗiyar da ke kai ka wata biyu yanzu sati biyu take yi, ko kaki ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ka koma asibiti a wannan satin, kuma ka tafi da inhelar ka shaƙa a gaban nas ko likita su gani su gyara maka. Tarin da ya wuce sati biyu da rama da gumin dare ko jini a kaki a je gwajin tibi, kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuma mutum ya kasa haɗa magana saboda haki, leɓe ya canza launi, ƙirji na ciwo, ko ya fara ruɗewa da gyangyaɗi, a zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, a ba shi shuɗiyar ta sifesa fesa ɗaya ɗaya, a nemi mota ko a daidaita sahu zuwa sashen gaggawa nan take, a ci gaba da ba shi a hanya.