Darasi na Shida: Harsashin Barewa Daban, na Koyoti Daban

A Amurka da Kanada akwai wasu dabbobi biyu daga cikin waɗanda maharba ke fita nema da bindiga. Ɗaya ita ce barewarsu mai farin wutsiya, wadda babban namijinta kan haura kilo 70. Ɗayan kuma koyoti ne, dangin kare da dila, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo 20 ba. Barewa don nama ake harbinta. Koyoti kuwa don fatarsa, ko don ya addabi makiyaya da kashe 'yan tumaki. Kafin mutum ya fita sai ya yanki lasisi, barewa kuma tana da lokacinta a shekara, kowace jiha da dokarta.

Bindiga ɗaya tana iya yin aikin biyu. Misali ita ce mai cin harsashin .243 Winchester, wanda aka fitar a 1955. Amma abin da za a ɗura mata ba ɗaya ba ne.

Ana auna nauyin kan harsashi da ma'aunin da ake kira giren, kuma yana rubuce a jikin kwali. Na koyoti mara nauyi ne, kamar giren 55, wato giram uku da rabi da 'yan kai. Rigarsa ta tagulla siririya ce, yana da gudu ƙwarai, da ya shiga jiki sai ya tarwatse. Ga ƙaramar dabba wannan ya wadatar. Idan aka harbi barewa da shi kuwa, yana iya fashewa a kan ƙashin kafaɗa bai kai huhu ba. Sai ta gudu da mummunan rauni, ta je ta mutu a wahale a inda ba wanda zai gan ta. Wannan zalunci ne, kuma asarar nama ce.

Barewa tana bukatar mai nauyi, giren 95 zuwa 100 a wannan bindiga. Irinsa yana buɗe baki ya yi faɗi idan ya shiga, amma ba ya wargajewa, sai ya ratsa haƙarƙari ya fita ta ɗaya gefen. Wasu sun fi son manya, irin .270 Winchester ko .308 ko .30-06. Harsashin da tagulla ta rufe kansa ruf, irin na soja, ba ya buɗewa, shi ya sa jihohi da yawa suka hana harbin barewa da shi. Jihar Kalifoniya kuma ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, domin ungulaye suna cin ragowar kayan ciki da ɓurɓushin dalma su mutu.

Ina ake saiti?

Girman harsashi ba ya gyara mummunan saiti. Jira sai barewa ta tsaya ta ba ka gefenta. Bi bayan ƙafarta ta gaba da ido, ka hau sama daga ƙasan ƙirji har kashi ɗaya cikin uku na kaurin jikinta. Nan zuciya da huhu suke, wuri ne mai faɗin ƙaramin faifai. Idan ta ɗan karkata tana juya maka baya, ja saitin baya kaɗan, yadda harsashin zai nufi ƙafar gaba ta ɗaya ɓangaren. Koyoti ma nan ake nufa, sai dai wurin ya fi ƙanƙanta sosai.

Kada ka nemi kai. Kai ƙarami ne, ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuskure kaɗan sai ka karya mata muƙamuƙi ta kasa cin abinci. Kada ka harbi wadda ke gudu, ko wadda ta juya maka gindi. Kuma kafin yatsa ya taɓa kunama, tabbatar da abin da ke bayan dabbar, don harsashi yana wucewa da nisa.

Bayan harbi kada ka ruga. Dakata kamar rabin awa, sannan ka je ka duba jini. Mai haske da kumfa daga huhu yake, dabbar ba ta yi nisa ba. Mai duhu yakan zama na hanta. Idan ka ga kore-kore mai wari, tumbi ka samu. A nan sai haƙuri, a bar ta awa shida ko fiye ta kwanta, domin idan aka bi ta da wuri tashi za ta yi ta ƙara nisa.

Aikin yi: zana barewa a littafinka, ka sa alama a wurin saiti. Sannan ka rubuta jimla biyu a kan dalilin da ya sa harsashi mai giren 55 bai dace da ita ba.