Yadda ake haɗa ruwan hop da attarugu da mangwaro ba tare da barasa ba, da yadda ake ɗanɗana shi

A Amurka akwai ƙananan kamfanonin giya da suka yi suna wajen haɗa abubuwa uku a kwalba ɗaya: ƙamshin furen hop, zaƙin 'ya'yan itace, da zafin barkono. Kamfanin Ballast Point na birnin San Diyego ya fitar da Habanero Sculpin, shi kuma Founders na jihar Mishigan ya yi Mango Magnifico da mangwaro da barkonon habanero. Waɗannan duk giya ce mai bugarwa, ba abin shan Musulmi ba ne. Sai dai barasar ba ita ke ba da ɗanɗanon da ake yabo ba. Shi ya sa a can ma aka fara sayar da ruwan hop zalla, kamar Hoppy Refresher na kamfanin Lagunitas, wanda babu barasa a cikinsa ko ɗigo. Irinsa za mu haɗa a gida, mu ƙara masa yaji da mangwaro.

Hop fure ne na wata shuka mai yaɗo da ke son ƙasashen sanyi. An fi noma ta a Halatau ta Jamus da kwarin Yakima na jihar Washinton. Wanda ya taɓa jin ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen lemon malt na kwalba ya riga ya ɗanɗana ta. Habanero kuwa ɗan gida ɗaya ne da attarugunmu, jinsinsu guda, don haka ba sai an nemo shi daga waje ba.

Kayan da za a tanada

Ruwa mai tsabta lita 1, hop giram 3 zuwa 4, nunannen mangwaro 1, lemun tsami 1, attarugu 1, ruwan soda mai sanyi, da farin ƙyalle na tata. Ana sayar da hop a intanet a dunƙule ƙanana-ƙanana cikin leda mai ƙyalli da aka zuƙe wa iska. A nemi nau'in hop da ake kira Citra ko Mosaic, su ne masu ƙamshin mangwaro da lemu. Cascade, wadda aka fitar tun 1972, ƙamshinta ya fi karkata ga ɓawon lemu da fure, ita ma tana yi. Abin da ya rage a ɗaure shi sosai a sa a firiza, domin iska da zafi na kashe ƙamshinsa. A kuma nisanta shi da karnuka, guba ne a gare su.

1. Jiƙa hop a ruwan sanyi

A matse rabin lemun tsami a cikin ruwan, a zuba hop, a rufe, a sa a firji na awa 4 zuwa 6. Kada a yi sha'awar tafasa shi kamar zoɓo. Hop na da abu biyu a jikinsa: mai mai ƙamshi, da wani sinadari da ba ya sakin ɗacinsa sosai sai ya sha wuta. Tafasa na korar ƙamshin ta fito da ɗacin. Masu yin giya da gangan suke tafasa wani kaso na kusan awa ɗaya don ɗaci, sannan su zuba wani kason daga baya cikin sanyi don ƙamshi. Mu na biyun muke so, tunda ba mu da zaƙin hatsi mai yawa da zai tare ɗacin. Idan aka bar shi ya wuce yini guda, sai ya koma warin ɗanyar ciyawa, da bauri a harshe.

A tace da ƙyalle sau biyu, ba tare da matsewa da ƙarfi ba.

2. Mangwaro

A fere, a markaɗa da rabin kofin ruwa, a tace. Wanda ba shi da zare ya fi sauƙin aiki. In ba lokacinsa ba ne, abarba na maye gurbinsa.

3. Attarugu, inda aka fi yin ɓarna

A ma'aunin zafin barkono da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, habanero na kaiwa daga 100,000 zuwa 350,000, alhali barkonon halafenyo da 'yan Meziko ke ci bai wuce 8,000 ba. Wato attarugu guda ɗaya ya isa ya lalata lita ɗaya gaba ɗaya. Mutane da yawa na zaton zafin a ƙwayoyin yake, amma mafi yawansa na cikin farar jijiyar nan ta ciki da ƙwayoyin ke maƙale a kai. A tsaga, a kankare ta da wuƙa. Abin da ya saura shi ne fatar, mai ƙamshi kamar na 'ya'yan itace, wanda ya sa yake tafiya da mangwaro tun farko.

Kada a jefa shi cikin babban ruwan. A ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na fatar, a markaɗa da ɗan ruwan mangwaro a ƙaramin kofi daban, a tace. Daga nan za a riƙa ɗiba da ƙaramin cokali. Yaji dai ana ƙara shi, ba a rage shi. (A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi.)

4. Haɗawa

A kofin gilashi, a zuba ruwan hop kashi biyu, mangwaro kashi ɗaya, soda kashi ɗaya. A sa rabin ƙaramin cokali na ruwan attarugu, a juya a hankali don kada iskar sodar ta fice. Ni ban cika son sukari a ciki ba, yana danne ƙamshin hop, amma in mangwaron bai nuna sosai ba ɗan zuma ba laifi.

5. Ɗanɗanawa

Wannan ba abin da ake kwankwaɗa a tsaye ba ne. A bar kofin ya huce daga sanyin firji na 'yan mintuna, domin sanyi mai tsanani na rufe ƙamshi. Masana ɗanɗano na son irin wannan abin sha a tsakanin digiri 7 zuwa 10. Kada a sa ƙanƙara.

A fara da hanci. A kaɗa kofin kaɗan, a shinshina gajere-gajere sau biyu ko uku. Ya kamata hop ya fara isowa, mangwaro na biye. In warin ɗanyen attarugu ne ya tari hanci, an wuce gona da iri.

Sai a kurɓi kaɗan, a bar shi ya zagaya baki, a haɗiye, a fitar da numfashi ta hanci baki a rufe. Zaƙi da tsami ne ke zuwa da farko, ɗan ɗaci ya biyo baya a can ƙarshen harshe. Daga nan a dakata, a ƙirga zuwa ashirin. Zafin attarugu ba ya sallama da wuri, a maƙogwaro yake bayyana bayan an haɗiye, kamar yajin da ke cikin fura mai kyau. Kuma taruwa yake yi: kurɓi na uku ya fi na farko zafi ko da ba a ƙara komai ba, kumfar soda kuma na ƙara masa kaifi. Saboda haka ba a yanke hukuncin ƙarin yaji sai bayan kurɓi na uku.

In ɗaci ya yi yawa, a ƙara mangwaro ko ɗan gishiri kaɗan. In ya yi salam, lemun tsami. In yaji ya kama baki, ruwa ba zai taimaka ba, sai nono ko madara, domin sinadarin zafin a maiƙo yake narkewa.

6. Ajiya

Ruwan hop da aka tace zai yi kwana 2 zuwa 3 a firji cikin kwalba mai duhu a rufe. Mangwaron kuwa a haɗa shi lokacin sha kawai. Ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi in ya kwana a zafi yakan fara tashi da kansa ya soma juyawa zuwa barasa, iskar da ke taruwa kuma na iya fasa kwalba. In wuta ta ɗauke firji ya huce, ko aka ji murfin ya yi tsiit alhali ba a sa soda ba, a zubar a sake sabo.