Kwana uku kafin ku juyo gida

Ƴan uwa masu hutu a waje, ku gama sayen tsaraba kwana uku kafin tafiya, ku auna akwatunanku tun a masauki. Yawancin jirage kilo 23 suke yarje wa akwati guda, kuma ba su haɗa nauyi: in ɗaya ya kai 27, ɗaya 19, sai an biya ko a kwance kaya a gaban jama'a. Ku rage kilo ɗaya, don sikeli kan saɓa.

Turare, man shafawa, duk abin ruwa da ya wuce mililita 100, a sa shi cikin babban akwati, a naɗe da leda, in ba haka ba, ana iya ƙwace shi wurin bincike. Batirin ajiyar caji kuwa jakar hannu ce wurinsa, tare da fasfo da katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a Yamai. Rasit ɗin kaya masu tsada ma ya zauna kusa saboda duwan.

Ku kashe tsabar ƙarfe can, ƴan canji ba su karɓarta. Kada ku yanki tikitin motar Maraɗi mai tashi daf da saukarku. Jirgi kan makara, akwati ma kan kwana a hanya.