Yadda ake renon jan hakulberi: sanyi, zafi da danshi

A wani daji kusa da Seattle, a jihar Washington ta Amurka, na fara ganin wannan tsiro. Daga saman wani ruɓaɓɓen kututture ya fito, rassansa kore shar, 'ya'yansa ƙanana jajaye jawur. Mutanen nan suna kiransa red huckleberry, masana tsirrai kuma Vaccinium parvifolium. Yana fitowa tun daga kudu maso gabashin Alaska har tsakiyar Kalifoniya, a dazuzzukan da ke bin gaɓar teku. 'Yan asalin yankin sun daɗe suna busar da 'ya'yansa don ajiyar hunturu, har a ƙugiya suke sa su saboda kamarsu da ƙwan kifin salmon.

In za ka dasa shi a bayan gida, ka riƙe hoton kututturen nan a zuciyarka. Duk abin da tsiron yake nema yana wurin: inuwa, saiwa cikin sanyi, da danshin da ba ya yankewa.

Sanyi ba abin damuwa ba ne. Yana jure digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma yana ma bukatar hunturun. Ganyensa zai zube, ya yi watanni kamar busasshe, sai wajen Afrilu furanninsa masu kama da ƙananan ƙararrawa su fito. Kada tausayi ya sa ka shigar da shi ɗaki mai ɗumi, don in bai sha sanyi ba ba zai yi fure yadda ya kamata ba. Na cikin tukunya ne kawai ke son kulawa, domin ƙanƙara ta fi saurin kama saiwarsa; ka binne tukunyar cikin ƙasa ko ka naɗe ta da buhu. Wani ɗan'uwana a gida ya taɓa roƙona in aika masa da iri, na ce masa ya haƙura. Inda babu irin wannan hunturu, ga kuma zafin bazara, wahalar banza zai sha.

Zafi shi ne abokin gaba. A nan rani yakan tsaya wajen digiri 24 ko 25, dare kuma da sanyi-sanyi, abin da tsiron ya saba da shi ke nan. Ranar 28 ga Yunin 2021 zafi ya kai digiri 42 a Seattle, ya haura 46 a birnin Portland da ke jihar Oregon mai maƙwabtaka. Guda biyu nake da su a lokacin. Wanda ke jikin shinge ta yamma, inda ranar la'asar ke dukansa, cikin kwana biyu ganyensa ya ƙone daga gefe, ya nannaɗe, in ka taɓa sai ya murmushe a hannunka. Bai sake tohowa ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ɗayan, wanda ke ƙarƙashin itacen sida (cedar, wani dogon itace na dajin nan) a jikin wani tsohon gungume, ya yi laushi da rana, da asuba ya miƙe abinsa. Saboda haka ka zaɓi gefen gabas ko arewa, inda zai sami hasken safiya da inuwar yamma. In an yi hasashen zafi zai wuce 30, ka ba shi ruwa sosai tun da sassafe, ka kafa masa rumfa da yadi.

Batun danshi ne mutane suka fi kuskurewa. Ana cewa yankin nan ruwa ba ya ɗaukewa, amma yawancinsa daga Oktoba zuwa bazara yake sauka. Yuli da Agusta kusan fari ake yi, daidai lokacin da 'ya'yan ke nuna. Saiwar tsiron siririya ce, ba ta nisa, ba ta iya bin ruwa zuwa ƙasa. A daji ruɓaɓɓen itace ke riƙe mata ruwa kamar soso. To kai ma ka yi haka: ka cakuɗa ruɓaɓɓen itacen fir (shi ma itacen dajin nan ne) ko sida cikin ramin, ka lulluɓe gindin da ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8. Kullum da safe a watannin rani nakan tura yatsa ƙarƙashin ɓawon. In na ji sanyi da laima, sai in bar shi. In ƙasar ta fara zama gari, sai in zuba ruwa a hankali har ya ratsa. Amma kada ruwa ya kwanta, saiwar ruɓewa za ta yi. Fesa ruwa a ganye ba ya wani tasiri. Abin da ya fi shi ne ka kewaye shi da wasu tsirrai masu son inuwa, su tare busasshiyar iska, su riƙe laima a wurin.

Ƙasar kuma sai mai tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa. Toka da kashin kaji, da muka sani da gyara gona, shi cutar da shi suke yi.

Kada ka tono shi daga daji. Saiwarsa a haɗe take da wasu ƙwayoyin naman gwari da ke cikin itacen, da wuya ya rayu in an raba su. Ka sayi ƙarami a wurin masu renon dashe, ka dasa da kaka, lokacin da yayyafi ya dawo. Zai ɗauki shekaru kafin ya ba ka abin kirki. In 'ya'yan suka fara ja a watan Yuli, ka rufa masa raga, don tsuntsaye sun fi ka sammako.