Yadda Ake Gyara Katin Intanet Bayan Sabunta Kanel na Linux

Masu gyaran kwamfuta a Gombe sukan ci karo da wannan matsala: an sabunta kanel na Ubuntu (kanel shi ne zuciyar manhajar Linux da ke sarrafa sassan kwamfuta, Ubuntu kuma wani nau'in Linux ne), an sake kunna kwamfuta, sai intanet ya ɗauke gaba ɗaya. Galibi katin lafiyarsa ƙalau, direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin aiki, shi ne bai dace da sabon kanel ba.

Da farko ka shiga jerin GRUB, wato jerin zaɓi da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka zaɓi tsohon kanel. Idan intanet ya dawo, ka san inda matsalar take. Sannan ka koma sabon, ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta `lspci -k` domin ganin sunan katin da direban da ke riƙe da shi. Idan umarnin `dmesg`, mai nuna saƙonnin kanel, ya nuna wani fayil da katin ke buƙata ya ɓace, ka sake sauke linux-firmware, wato kunshin irin waɗannan fayiloli.

Wasu katunan Broadcom da na Realtek sun fi wahalarwa, domin direbobinsu ba sa cikin kanel, wata manhaja mai suna DKMS ce ke sake haɗa su domin su dace da kowane sabon kanel. Ka jona wayarka da kebul na USB domin samun intanet, ka sauke linux-headers na sabon kanel, wato fayilolin da ake buƙata wajen haɗa direba, sannan ka rubuta `sudo dkms autoinstall`. Idan direban ya haɗu amma ya ƙi tashi, ka duba Secure Boot, wato tsarin tsaro na lokacin kunna kwamfuta, wanda yakan hana direban da ba shi da sa hannun dijital tashi. Kada ka goge tsohon kanel sai intanet ya daidaita.