Yadda ake tatsar man kanumfari a gwada ƙarfinsa kan ƙwayoyin cuta

Tun muna yara a Zariya, in haƙori ya motsa, kanumfari ake danna mana a wurin. Man da ke cikinsa ne ke aikin, kuma sama da kashi 70 cikin ɗari na man nan sinadarin yujinol ne, wanda ke lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar cuta. In wannan aka ba ka a furojet, ga hanya.

Fara da kasuwar Sabon Gari. Zaɓi kanumfari mai kai, wanda in ka danna da farce za ka ga maiƙo. Kai kaɗan ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru a tabbatar maka Syzygium aromaticum ne, wato sunan kanumfari a kimiyyance. Daka giram 100 sama-sama, kuma ranar aikin, domin ƙamshin nan da ke cika ɗaki manka ne ke gudu.

Zuba a filas da ruwa lita ɗaya, ka haɗa na'urar Clevenger mai tara man da tururi ya ɗauko, ya tafasa awa 3 zuwa 4. Nan ne nake jin takaicin asarar da ɗalibai ke yi. Sun saba mai yana yawo a kan ruwa, amma na kanumfari ya fi ruwa nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sai mutum ya ga ruwa fari kamar madara ya tuttular, alhali man yana ciki. Bar shi ya natsu, ka raba su a hankali, ka tsane man da busasshen sodiyam salfet, ka adana a kwalba mai duhu cikin firji. Na'urar GC-MS ce za ta fayyace maka sinadaransa: yujinol, yujinil asetet da beta-kariyofilin.

Sai gwaji. Sa safar hannu, tsagwaron man yana ƙona fata. Shafa ƙwayar cutar Staphylococcus aureus a farantin agar na Mueller-Hinton, wato daskararren abincin da ake rainon ƙwayoyin cuta a kai, ƙwayar cutar E. coli a wani. Sirka man da DMSO, ruwan sinadarin da ke narkar da mai, ka ɗiga a 'yar takardar tata mai faɗin milimita 6, ka ɗora. Gefe ka ajiye takardar siprofuloksasin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da wata mai DMSO zalla, don kwatance. Faranti ya kwana a inkubeta, digiri 37, awa 18 zuwa 24.

Washegari auna da'irar da ƙwayoyin suka kasa tsirowa, da milimita. Maimaita sau uku. Da yake mai ba ya ratsa agar sosai, biyo da gwajin MIC don gano mafi ƙarancin man da ke hana su yaɗuwa.