Yadda ake auna nauyin umarni a shari'a

Fara da duba wanda ya yi maganar. Uba ya ce wa ɗansa "kawo ruwa", umarni ne. Ɗa ya ce wa ubansa "ba ni kuɗi", roƙo ne, ko da lafazin iri ɗaya. Umarni daga sama yake saukowa.

Ƙa'idar mafi yawan malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, ita ce: abin da Allah ko Manzonsa (SAW) suka ce a yi wajibi ne, sai in wani dalili ya sauko da shi zuwa mustahabbi ko halas. To kada ka tsaya kan aya guda, karanta ta gaba. A Baƙara aya ta 282 an ce a rubuta bashi, ta 283 kuma ta yi maganar wanda ya amince da ɗan'uwansa. Shi ya sa jumhuru, wato mafi yawan malamai, suka ce rubutun mustahabbi ne. Dillalin da ya ba da buhu goma na albasar Galmi bashi a kasuwar Tawa bai rubuta ba, bai yi zunubi ba. Wauta dai ya yi, in rigima ta tashi.

Sannan duba ko hani ya gabata. An hana ciniki bayan kiran sallar Juma'a, sai aya ta 10 ta Suratul Juma'a ta ce in an idar a watsu cikin ƙasa. Izini ne. Wanda ya zauna masallaci bai saɓa ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne alwala, don malam yakan ce "wanke, shaƙa, shafa" da murya ɗaya. Ahalari, littafin fiƙihun Malikiyya, ya raba su zuwa farilla da sunna. Farillai 7 ne: niyya, wanke fuska, hannaye har gwiwar hannu, shafar kai, ƙafafu har idon sawu, cuɗawa, da yi a jere ba jinkiri. Kurkurar baki, shaƙa ruwa da shafar kunnuwa sunna ne.

Bambancin yana fitowa ranar mantuwa. Ka manta shafar kai, ka tuna nan take? Shafa, ka maimaita abin da ke bayansa. In an jima, shafa shi kaɗai, ka sake sallar da ka yi. Kunnuwa ka manta kuwa, shafa su don salla mai zuwa, waccan ta yi. A lura da diddige lokacin hunturu, ruwa na zamewa kan kaushi ya bar lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba.